Yaro Yaro, Gambo da Ahmed Musa: Cin ƙwallo daban, zaman benci daban

Yau da kai nake, kai da ke buga lamba tara a filin makaranta can Saji, wanda da la'asar ta yi za ka baro gona ko ka jingine babur ɗin haya, ka ɗaura takalmi ka shiga fili yara na kiran sunanka. Na san lissafin da ke ranka, don na sha jin sa a gidajen kallo daga Rano har Kibiya: a buga ƙwallo iya bugawa, in Allah Ya sa a dace a shiga Pillars ko a tsallaka waje, ran da ƙafa ta gaji kuma ai sai a zama koci. Wannan "ai sai a zama koci" ɗin nake so mu zauna a kansa, domin ana faɗinsa kamar wata kujera ce da aka ajiye wa duk wanda ya taɓa girgiza raga. Abin da ya faru a Kano Pillars cikin watan Oktoban 2025 ya nuna ba haka zancen yake ba.

Ga wanda bai bi labarin ba, ga yadda aka yi. Ranar 12 ga Oktoba Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu Gida na gaba da ci ɗaya har ana shirin tashi, sai baƙi suka farke, aka tashi kunnen doki. Wasu 'yan kallo suka faɗa fili, aka taɓa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya ba ta ɓata lokaci ba: ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9.5, ta zabtare mata maki 3 da ƙwallo 3, ta kuma kore ta daga gida zuwa Katsina. Ahmed Musa ya fito ya ba da haƙuri a madadin ƙungiya. Cikin watan dai hukumar gudanarwar Pillars ta dakatar da mai ba da shawara kan dabarun wasa, Evans Ogenyi, da babban koci Ahmed Garba Yaro Yaro, bisa dalilin cewa nasara 2 kacal aka samu a wasanni 8 na farkon kaka. Aka miƙa riƙon ƙwarya ga wasu masu horarwa na cikin gida, ciki har da tsohon kyaftin Gambo Muhammad, kafin daga bisani a dawo da Mohammed Babaganaru, mutumin da ya ɗauki kofin lig da ƙungiyar a 2012 da 2013.

To duba wani abu da ban ji an tsaya a kansa ba. Wanda aka dakatar tsohon ɗan wasan gaba ne. Wanda aka ce ya riƙe kafin a samu wani, tsohon ɗan wasan gaba ne. Janar manajan da aka yi duk wannan a ƙarƙashinsa shi ma ɗan wasan gaba ne, kuma a lokacin yana sa riga yana shiga fili. Zamani uku na masu cin ƙwallon Kano, a ƙungiya ɗaya, cikin wata ɗaya. Da tuwo ya yi zafi kuma, sai aka koma aka ɗauko dattijon da sunansa a benci ya yi shi.

Yaran yanzu ba su ga Yaro Yaro yana wasa ba, shi ya sa wasu ke maganarsa a Facebook kamar wani baƙo. Tambayi yayyenka. A ƙarshen shekarun 1990 babu sunan da ke tashi a ƙwallon Kano kamar nasa. Yana ƙaramin yaro ya shiga Pillars, aka kira shi tawagar ƙasa, har Borussia Dortmund ta Jamus ta nuna sha'awarsa a lokacin da take cikin manyan Turai, amma cinikin bai faɗa ba. Wannan tafiya da ba a yi ba har yau dattawan majalisa na jimaminta. Ya buga wa Enyimba ta Aba, ya je ƙungiyar AB ta ƙasar Denmak, ya dawo gida ya ƙarasa wasansa a Pillars, sannan ya koma ɓangaren horarwa. Ba jiya ya fara zama a benci ba, ya daɗe a cikin gidan yana taimakawa, kuma a kakar 2024/2025, da aka dakatar da Usman Abdallah a farkon 2025, shi aka ce ya riƙe. Wato shi ma ta ƙofar da Gambo ya shigo ya taɓa shigowa.

Gambo kuwa kai ma ka tarar da ƙarshen zamaninsa. Yana cikin tawagar da ta ci lig sau uku a jere, 2012 zuwa 2014. Stephen Keshi ya tafi da shi gasar zakarun nahiyoyi a Brazil a 2013, ya shigo canji a wasan da aka yi da Sifaniya. A watan Maris na 2015 yana cikin 'yan wasan da 'yan fashi suka harba a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, ƙungiyar na kan hanyarta ta zuwa Owerri. Mutum ne da ya zubar da jininsa a kan rigar nan, ba da baki ba. Babu mai ja da cancantarsa ta zama ɗan gida.

Amma zama ɗan gida ba shi ne tambayar ba. Tambayar ita ce, shin abin da ya sa mutum ya zama gwanin cin ƙwallo shi ne zai sa ya iya tafiyar da mutum 30 masu hali daban-daban? Bari in ba ka labarin wani ɗan Kaduna, domin a wajena babu abin da ya fayyace wannan magana kamarsa.

Daniel Amokachi a Kaduna aka haife shi a 1972, Hausa a bakinsa kamar ni da kai. Daga Ranchers Bees ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, kuma shi ya ci ƙwallon farko a wasannin rukuni na sabuwar gasar Zakarun Turai a watan Nuwamban 1992, a ragar CSKA Moscow. Ya ɗauki kofin Afirka a 1994, ya ci Bulgeriya da Girka a gasar duniya ta Amurka a shekarar, Everton ta saye shi. A watan Afrilun 1995 ana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Everton da Tottenham, yana benci. Abokin wasansa Paul Rideout ya ji ciwo, ana duba shi a gefe. Koci Joe Royle bai ce a yi canji ba, yana jira ya ga ko Rideout zai iya ci gaba. Amokachi bai jira kowa ba, ya shige fili abinsa. Ya ci biyu, Everton ta yi nasara da ci 4 da 1, ta je ta doke Manchester United ta ɗauki kofin.

Duk wanda ya ji labarin nan sai ya yi dariya ya ce namiji. Ni ma haka. Amma sa kanka a takalmin Joe Royle na minti ɗaya. Yaronka ya yi gaban kansa a gaban dubban mutane, ya karya tsarin da ka kwana kana shiryawa. Da bai ci ba fa? Halin da ya sa Amokachi ya zama Amokachi ke nan: yarda da kai har ta wuce kima, rashin jiran umarni, ganin raga kawai. Ɗan gaba na ƙwarai dole ya kasance da ɗan son kai. Zai ɓarar da huɗu ya manta, ya buga ta biyar kamar bai taɓa kuskure ba. Yawancin abin da yake yi ma jikinsa ne ke yi kafin tunaninsa ya iso. Ka tambaye shi ya aka yi ka san gola zai faɗi hagu, zai ce maka haka kawai na ji.

To "haka kawai na ji" ba ya koyuwa. Aikin koci kuwa gaba ɗayansa koyarwa ne. Sai ya iya warware abin da jiki ke yi ya mai da shi magana, ya maimaita wa yaron da ba shi da rabin baiwarsa har sau ashirin ba tare da ya fusata ba. Sai ya damu da ɗan baya na hagu da ke barin gurbi, abin da a zamanin wasansa ko kallo bai ishe shi ba. Ɗan gaba yana kallon fili ne daga gaba, rabin lokaci ma ya juya wa 'yan uwansa baya yana jiran a jefo masa. Mai tsaron baya da ɗan tsakiya su suke ganin wasan duka a gabansu. Ban ce wannan doka ce ba, amma ba banza ba Keshi ɗan baya ne, Guardiola da Ancelotti 'yan tsakiya ne.

Gwiwa ce ta katse wa Amokachi wasa. Bayan zinaren Olamfik na 1996, inda ya ci Ajantina a wasan ƙarshe, da shekarun da ya yi a Besiktas ta Turkiyya, ciwon ya hana shi sakat, kafin ya cika shekara 30 an gama cin moriyar ƙafarsa. Ya shiga horarwa. Ya riƙe Nasarawa United, ya yi mataimaki a Super Eagles, kuma yana gefen Keshi lokacin da aka ɗauko kofin Afirka a 2013. A matsayin mataimaki ya yi amfani ƙwarai, don yana da bakin da 'yan wasa ke ji. Amma duk inda aka ce shi ne mai wuƙa da nama, zaman ba ya tsawo. A 2016 sai ga shi a JS Hercules, wata ƙaramar ƙungiya a garin Oulu na ƙasar Finlan, cikin sanyin da ko a mafarki ɗan Kaduna bai san shi ba. Na girmama wannan tafiya, don mutum ne ya ajiye suna ya koma ƙasa ya koyi aiki. Da ya dawo, Lobi Stars ta ɗauke shi a ƙarshen 2024, ya ajiye aikin a farkon 2025, ƙungiyar kuma ta faɗi daga Firimiya a ƙarshen kakar.

Kada ka ce matsalar tamu ce mu kaɗai. Wayne Rooney da kuke rantsuwa da shi a gidan kallo, wasa 15 ya yi a Birmingham, ya ci 2, aka sallame shi. Thierry Henry bai wuce wata uku da 'yan kwanaki a Monaco ba.

Akwai waɗanda suka tsallake, kuma hanyarsu kusan iri ɗaya ce. Samson Siasia ɗan gaba ne, amma da matasa ya yi suna: ya kai Flying Eagles wasan ƙarshe na duniya a 2005, inda Ajantina ta Messi ta doke su, ya samo azurfa a Olamfik na 2008 da tagulla a 2016. Emmanuel Amuneke ya zauna a Sifaniya ya yi karatun aikin, ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 da su Osimhen, ya kai Tanzaniya gasar Afirka ta 2019. Finidi George shekaru ya yi yana horar da yara a Sifaniya babu mai jin ɗuriyarsa, sai a 2021 ya karɓi Enyimba, ya ɗauki lig a 2023. Dukkansu sun yi zaman aji, sun fara da yaran da ba su san an taɓa yi musu tafi ba.

Sai dai in na tsaya nan na yi maka rabin gaskiya. Amuneken nan da takardunsa da kofinsa na duniya, shi ne ya riƙe Heartland ta Owerri a kakar 2024/2025, kuma tare suka faɗi da Lobi ta Amokachi. Finidi da aka ba Super Eagles a 2024 ko wata uku bai cika ba ya ajiye. Wato ko ka yi karatun, gidan da za ka shiga yana iya cinye ka. Nan ne nake ganin an yi wa Yaro Yaro rashin adalci ta wani ɓangaren. Nasara 2 a wasa 8 ba abin alfahari ba ne ga ƙungiyar da ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a lig, daga 2003 zuwa 2015, kuma dole masu horarwa su ɗauki rabonsu na laifi. Amma ba koci ne ya tsallaka shinge ya daki alƙalin wasa ba. Ba shi ya jawo asarar maki 3 ba, ba shi ya mai da wasan gida ya koma Katsina ba. Abin da ya fi yi wa ƙungiyar illa a watan nan daga kujerun 'yan kallo ya fito da kuma raunin tsaro, amma wanda ya fi sauƙin taɓawa shi aka taɓa.

Haka tsarin yake a yawancin ƙungiyoyinmu, don na gwamnatocin jihohi ne. Ana naɗa shugabanni daga gidan gwamnati, kuɗi daga can yake fitowa, kuma abin da ake tsoro shi ne fushin magoya baya. Tsohon tauraro a benci yana da amfani biyu ga irin wannan tsari. Ranar naɗi, sunansa yana kwantar da hankalin jama'a, a ce an ba ɗan gida. Ranar da abu ya lalace, shi ne garkuwa, a dakatar da shi a ce an ɗau mataki. Ba shi da tsadar sallama kamar baƙon koci mai lauya da kwantiragi, kuma kunya da son ƙungiya ba za su bar shi ya yi hayaniya ba. Ana ba shi aikin ne kamar tukuici, abin da aka ba ka a matsayin tukuici kuwa ba ka da bakin cewa a bi ƙa'ida ranar da za a karɓe.

Sai batun Ahmed Musa, wanda na san da yawanku ba ku son a taɓa. Ni ma masoyinsa ne. Yaron da ya ci ƙwallo 18 a lig a kakar 2009/2010 yana ɗan shekara 17, ya je Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, ya buga wa ƙasa wasa sama da 100, sannan ya dawo gida a 2024 ya ci biyu a wasansa na farko. Alherinsa ga matasa kuma ba ɓoyayye ba ne. A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa shi janar manaja, yana kuma ci gaba da wasa. To ka yi tunanin kai ne koci. Minti na 60, kana ganin lamba bakwai ya gaji, kana son sa yaro mai jini a jika. Amma lamba bakwan nan shi ne maigidanka a ofis gobe da safe. Za ka ɗaga allon? Ko da Musa bai taɓa buɗe baki ya ce kada a cire shi ba, kuma ban ji wanda ya ce ya taɓa yi ba, nauyin yana nan a kan wanda ke benci. Sauran 'yan wasa ma in suna da koke kan albashi ko alawus, wa za su kai wa, abokin wasansu ko shugabansu? Wannan ba laifin mutum ba ne, laifin tsari ne, kuma ina ganin ko ba jima ko ba daɗe sai an zaɓi ɗaya, riga ko ofis.

Yanzu mu dawo Saji. Kai ba ka da sunan Yaro Yaro, ba ka da na Gambo. In su da aka rera wa waƙa a Ƙofar Mata suna bai riƙe su a benci ba, kofin ciyaman da ka ci ƙwallo bakwai a cikinsa ba zai riƙe ka ba. Amma akwai abin da kake da shi wanda su ba su samu ba, wato lokaci da kuma rashin ido a kanka. Aikin koci yana da matakala: lasisin hukumar ƙwallon Afirka daga D ake farawa, a hau C, a hau B, a kai A. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas da ta daɗe tana yaye masu horarwa. Duk waɗannan kwasa-kwasai zaman aji ne, da rubutu da jarrabawa, da Turanci. Wanda ya watsar da sakandare saboda ƙwallo, a nan zai fara cin karo da bango, ba a fili ba. In takardarka ba ta cika ba, gyara ta yanzu da ƙafarka ke aiki ya fi sauƙi a kan ranar da kake da mata da 'ya'ya uku.

Kuma ba sai ka jira lasisi za ka san ko kana da halin aikin ba. Yaran nan 'yan shekara 10 zuwa 13 da ke tsaye bayan raga suna ɗauko muku ƙwallo in ta faɗa gonar mutane, tara su ranar Alhamis da Juma'a da safe ko bayan an taso Islamiyya. Sayi littafi na naira ɗari biyu ko uku ka riƙa rubuta abin da za ku yi kafin ku fito, da abin da ya faru bayan kun tashi. Gwada koya wa yaron da ba ya iya tsayar da ƙwallo yadda ake tsayarwa, ba tare da ka ƙwace ka nuna masa kai gwani ne ba. Je ka roƙi uban da ya hana ɗansa fitowa saboda aikin gona, ku daidaita a kan lokaci. Ka koma buga baya na wata ɗaya a ƙungiyarku, ko da za a yi maka dariya, ka ga yadda fili yake daga can. In ka yi damina ɗaya da rani ɗaya kana wannan ba ka gaji ba, to akwai magana. In ka ji duk ya ishe ka, ka gode wa Allah da ka gane da wuri, ka kama wata sana'ar tun gwiwa na lafiya. Ba kowa ne Rabi'u Ali ba, da ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo a Firimiya.

Abin da zan sa wa ido a Pillars nan gaba ba teburi kaɗai ba ne. Ina son in ga me za a yi da Gambo bayan riƙon ƙwarya: za a bar shi ya zauna gefen gogaggen koci shekara biyu ko uku yana koyo, a biya masa kuɗin kwas ya hau mataki na gaba, ko za a ajiye shi ne sai wata gobarar ta tashi a sake turo shi gaba? Ina kuma son in ji ƙarshen dakatarwar Yaro Yaro, domin a ƙwallonmu sau da yawa kalmar dakatarwa sallama ce da ba a son furtawa. In akwai ƙungiyar matasa ta Pillars da ke buƙatar wanda zai koya wa yara tsayuwa a gaban raga, ban san wanda ya fi shi sanin wannan a Kano ba.